Takardu Kafin Fenti: Yadda Ake Dawo da Tsohuwar Motar Gida Kan Titi

A unguwanni da yawa na Kano da Zariya da Katsina da Sakkwato, in ka leƙa bayan gida ko ƙuryar gareji za ka tarar da mota a jibge, tayoyi sun sace, ƙura ta rufe gilashi, kaji sun mai da ƙarƙashinta wurin kwana. Galibi Peugeot 504 ce, irin wadda kamfanin PAN ya fara haɗawa a Kaduna a 1975. Wani lokacin 404 ce, ko Volkswagen Beetle, ko Mercedes 200 ta farkon shekarun 1980. Mai ita ya tsufa ya ajiye tuƙi, ko kuma Allah ya yi masa rasuwa, takardunta suka mutu shekara ashirin ko talatin da suka wuce, ba wanda ya sake bi ta kansu. Ana nan sai wani ɗa ko jika ya dube ta, ya ga ƙarfen nan da sauransa, ya ƙudura zai tashe ta.

Abin da ya saba biyo baya shi ne a kira bakanike, a sauke inji, a shiga Ƙofar Ruwa ko Panteka neman kayan gyara, a kai wa mai fenti, a ɗinka sababbin kujeru. Sai kuɗi sun ƙare, mota tana sheƙi, sannan a tuna da takardu. A ofishin lasisi kuwa ba ruwan kowa da kyawun fenti. Tambaya uku za a yi maka: wace mota ce wannan, ta wane ne, kuma ta wace hanya ta shigo ƙasar nan. In ka kasa amsa ɗaya daga cikinsu, duk abin da ka zuba a jikinta ya tsaya cak, wani lokacin ma ka gyara wa wani ne. Don haka shawarata ita ce ka juya tsarin. Kada ka sayi ko fulogi ɗaya sai ka riƙe amsar tambayoyin nan uku a hannunka. Inshora da lasisi da lamba, waɗannan kuɗi ne da bin layi kawai.

Ka fara da ƙarfen kansa. Kowace mota tana da lambar shasi da aka buga a jikinta tun daga masana'anta, da lambar inji daban. A Beetle, ɗaga kujerar baya za ka ga lambar shasi a kan tudun ƙarfen da ya ratsa tsakiyar motar, lambar inji kuma tana can baya, a jikin injin, ƙarƙashin mazaunin janareta. A Mercedes ta wancan zamani an buga ta a bangon da ya raba ɗakin inji da cikin mota, kuma irin da aka fi sani a nan za ka ga 123 a farkon lambarta ko kusa da farkon. A Peugeot ka buɗe bonet, ka nemi ɗan allon ƙarfen da aka liƙa da ƙusa, sannan ka nemi wadda aka buga a jikin bodi, domin allo ana iya cire shi a sauya, bugun jikin ƙarfe ne abin dogaro.

Za ka same ta a rufe da baƙin mai da ƙasa. Ka jiƙa tsumma da kananzir ka goge, ka bi da tsohon buroshin haƙori a hankali. Kada ka sa sanfefa mai kaushi, kada ka bari yaron gareji ya kawo injin gurza ƙarfe. Wurin da aka kankare, ko da kyakkyawar niyya aka yi, jami'i zai ɗauka an taɓa lambar ne, kuma yana da hujjar zargin haka. In lambar ta fito, ka ɗauke ta hoto kusa da nesa, sannan ka ɗora farar takarda a kai ka riƙa goga fensir a kwance har haruffan su bayyana a jikin takardar. Ka dubi gefen wurin da kyau. In ka ga ɗinkin walda ya zagaye lambar, ko harafi ɗaya ya fi 'yan'uwansa zurfi ko ya karkace, ka dakata a nan. Motar da ake shirin saye ce, ka fasa cinikin. Ta gida ce, ka nemi dattijon da ya san tarihinta, wataƙila ta taɓa yin haɗari aka sauya mata gaba, sai a rubuta wannan bayani a takardar rantsuwa tun kafin wani ya tambaya.

Akwai abin da ke rikita ma'aikatan zamani. Lambar shasi mai harafi da alƙalami 17 sai daga 1981 ta zama ruwan dare a duniya. Motocin da suka girme wannan lambarsu gajera ce, ita kuwa kwamfutar ofis an tsara ta ne da tsammanin 17. Wani magatakarda zai so ya cike gurbin da abin da ya zo masa a ka don aiki ya wuce. Ka ce masa, "Yallaɓai, a shigar mini da ita yadda take a jikin ƙarfe." In dole sai an cike, to a yi da sanin shugaban ofis, kuma abin da aka rubuta a lasisi ya zama shi ne a inshora, shi ne a shaidar mallaka. Saɓanin harafi guda tsakanin takarda da ƙarfe ya isa ya kwanar da mota a ofishin 'yan sanda.

Lambar inji ba kasafai take dacewa da tsohuwar takarda ba, don kusan duk 504 da ta yi aiki an taɓa sauke mata inji. Wannan ba laifi ba ne. Abin da ake bukata shi ne rasit ɗin wanda ya sayar da injin, ɗauke da lambarsa, da sanar da ofishin lasisi cewa an sauya. Haka ma launi: in takarda ta ce fara ce kai kuma kana son ruwan toka, a gyara a rubuce.

Daga nan sai binciken gida. Ka roƙi Hajiya ta buɗe adakar marigayi, ka duba aljihun gaban motar, bayan abin tare rana, ƙarƙashin kujera, cikin tsofaffin fayil-fayil. Duk wata takarda da ke ɗauke da lambar motar tana da daraja, ko da ta yi ja ta fara yagewa: mataccen lasisi, tsohuwar inshora, rasit ɗin SCOA ko Mandilas ko Leventis, katin sabis, wasiƙar rancen mota daga ma'aikata, har hoton biki da lambar ta fito a ciki. Tsohon allon lamba ma kada a jefar. Da shi ake gano ofishin da ya fara yi mata rajista. Sai dai ka tuna jihohi sun rarrabu tun lokacin. An cire Katsina daga Kaduna a 1987, Jigawa daga Kano da Kebbi daga Sakkwato da Yobe daga Borno a 1991, Zamfara da Gombe a 1996. Motar da aka yi wa rajista a Haɗeja a 1982 motar jihar Kano ce a takarda, don haka kana iya samun kanka kana neman fayil a Kano alhali a Dutse za ka yi sabuwar rajista.

Tambaya ta biyu, ta mallaka, ita ce mafi nauyi, kuma a nan mutanen kirki suka fi yin sakaci. Motar mamaci dukiyar gado ce, ko da shekara ashirin ta yi ba ta motsa ba. Kasancewar makulli a hannunka, ko cewa kai ne babba, ko kai kaɗai ka damu da ita, bai mai da ita taka ba. Matan marigayi suna da tumuninsu a ciki in ya bar 'ya'ya, 'ya'ya mata suna da rabonsu, kuma in akwai bashi a kansa shi ake fara biya. Yau da take cikin ƙura kowa zai ce maka, "Ɗauka mana, me za a yi da ita?" Ran da ta fito da sabon fenti wani ya taya ta da kuɗi masu kauri, maganar za ta canza, kuma ba don 'yan'uwanka miyagu ba ne. Hakkinsu ne da ba a warware ba tun farko.

Ka tara su, ka yi magana a fili: "Hajiya, Yaya, motar Baba nake so in tayar. A yi mata kuɗi yadda take a yanzu, a cire daga rabona, ko in biya kowa nasa." A kira mutum biyu da suka san harkar mota, waɗanda ba su da amfani a cinikin, su ƙiyasta ta. A rubuta yarjejeniya da lambar shasi da lambar inji a ciki, kowane magaji ya sa hannu, da shaidu. Wanda ya yafe nasa, a rubuta ya yafe. In akwai marayu ƙanana, babu mai ikon yafe rabonsu, sai a biya a hannun waliyyinsu da sanin alƙali. Sannan a kai kotun shari'ar Musulunci da ta raba gadon, ko wadda ke da hurumi a wurin, ta ba da takardar da ke nuna motar ta faɗo a rabonka. Iyalan da ba ta wannan hanya suke raba gado ba, sashen kula da dukiyar mamata na babbar kotun jiha ne ke ba da takardar izinin gudanar da dukiya. Ka haɗa da shaidar rasuwa. Da waɗannan ofishin lasisi zai sauya suna daga na marigayi zuwa naka.

In saye za ka yi, matsalar da aka fi samu ita ce sunan da ke takarda ba na mai sayarwa ba ne. A ƙasar nan mota takan bi hannu uku ko huɗu ana ta sabunta lasisi da sunan mutumin farko. Aikinka ne ka bi sawu: wane ya sayar wa wane, ina rasit, ina shaida. Kowane hannu yana bukatar takarda, ko dai yarjejeniyar asali ko rantsuwar wanda ya sayar, ko ta magadansa in ya rasu. Aiki ne mai cin rai, amma galibi a gari ɗaya ake, kuma tsofaffin dillalan mota da direbobin tasha suna da tunani mai ban mamaki a kan wace mota ta fito daga wane gida. Ka rubuta yarjejeniyarku da mai sayarwa, da hotonsa da lambarsa ta ɗan ƙasa, kuma ka biya ta banki don sawun kuɗin ya zauna.

Ka yi hattara da motar da bakanike ya ce an bar masa shekara goma ba a dawo ba. Yana iya bin mai ita kuɗin aiki da na ajiya, amma daɗewa ba ta ba shi ikon sayarwa. Sai mai ita ko magadansa sun amince a rubuce, ko kotu ta ba da umarni. Karɓar kayan sata laifi ne a dokar Penal Code da ake aiki da ita a Arewa, kuma wanda aka kama mota a hannunsa shi ke fara kwana a caji ofis kafin a saurari bayaninsa.

Motocin gwamnati nasu daban ne. Tun zamanin mulkin soja na Obasanjo 504 ta zama motar ofis, kuma da yawa sun fita hannun gwamnati ta gwanjo, wasu kuma lokacin da aka mai da alawus ɗin ma'aikata kuɗi daga 2003 aka sayar wa masu riƙe da su. Irin wannan mota, wasiƙar da ta ba da ita da rasit ɗin baitulmali su ne asalinta. In sun ɓace, ma'aikatar da ta sayar ita za a koma wa.

Inda takarda ta ɓace gaba ɗaya, hanyar da aka sani ita ce ka je kotu ka yi takardar rantsuwa, ka faɗi abin da ya ɓace da yadda motar ta zo hannunka, sannan ka kai ofishin 'yan sanda su shigar a littafinsu su ba ka kwafin rahoto. Ka nemi su duba ko an taɓa kai ƙarar satarta, domin suna da kundin rajistar motoci na ƙasa. Amma ka san iyakar wannan takarda. Rantsuwa maganarka ce kai kaɗai, hukuma ta sa hatimi cewa ka faɗa. Ba ta kashe hakkin wanda zai zo gobe da rasit na asali, kuma ƙarya a cikinta laifi ne mai zaman kansa. Ka faɗi gaskiya ko da ba ta da tsari: "Mahaifina ya saya a wajen wane a shekara kaza, ban ga rasit ba, ga waɗanda suka sani."

Tambaya ta uku ta kwastam ce. A nan mai motar da aka haɗa a gida ya huta. Peugeot ɗin Kaduna da Beetle ɗin da kamfanin Volkswagen ya haɗa a Legas ba wani mutum ne ya shigo da su ta iyaka ba, don haka babu takardar diyuti da za a nema a hannunka. Allon masana'anta da rasit ɗin dila ko tsohuwar rajista sun wadatar, ko da yake za ka iya haɗuwa da matashin ma'aikaci da bai taɓa ganin irinta ba, sai ka yi masa bayani cikin haƙuri. Motar da aka shigo da ita kuma ta taɓa samun lambar Najeriya, tsohuwar rajistar hujja ce mai ƙarfi cewa ta bi ƙa'ida a lokacinta.

Mai wuyar ita ce wadda ba ta taɓa samun lambar Najeriya ba: 'yar Kwatano da aka shigo da ita ta daji, ko wadda aka sayo a Maraɗi ko Ƙonni tana ɗauke da lambar Nijar. Takardar mallakar Nijar ta tabbatar da mai ita, amma ba ta biya wa Najeriya diyuti ba. A ranar 1 ga Janairun 2017 aka hana shigo da motoci ta iyakokin tudu, kuma akwai ƙa'idar shekaru ga tsofaffin motoci, wadda aka daɗe ana aiki da 15 kafin a rage zuwa 12. Motar 1979 ta wuce duka biyun nesa ba kusa ba. Hukumar kwastam takan buɗe ƙofa lokaci-lokaci don masu irin waɗannan motoci su zo su biya, kamar wa'adin kwana 90 da ta bayar a 2024. In taka na cikin wannan rukuni, ka je ofishin kwastam na shiyyarka da hotuna da lambar shasi, ka bar motar a gida, ka ji matsayinta daga bakinsu kafin ka kashe ko sisi. Wanda ya ce zai "samo" maka takardar kwastam a kwana biyu, ta bogi zai kawo, kuma ran da aka tare ka a hanyar Kaduna aka buga lambar a na'ura, motar ce za ta tafi.

Wani abu kuma da ya shafi tsofaffin gaske. Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama ranar 2 ga Afrilun 1972. Motocin da suka riga wannan rana, su 404 na farko da Land Rover da Morris, sitiyarinsu a dama yake, kuma dokokin hanya na 2012 sun hana yi wa irin wannan mota rajista. Ko dai a mai da sitiyari hagu a wajen ƙwararre, VIO ya duba, ko a haƙura da titi. Ga 404 juyin mai yiwuwa ne tunda an ƙera ta iri biyu, ana samun kayan. Ga motar da irinta ta yi ƙaranci, ni dai ina ganin yanka ta asara ce. Gara a gyara ta a adana, a riƙa ɗaukarta a bayan babbar mota zuwa inda za a nuna ta.

In amsoshin nan uku sun kammala, yanzu ka kira bakanike. Ka fara da abin da jami'in VIO zai duba kafin ya ba da shaidar lafiyar mota: burki, sitiyari, fitilu, sigina, hon, waifa, madubai, gilashi, hayaƙi. Motar da ta daɗe a tsaye, robobin burkinta sun bushe, man burkin ya sha ruwa, fetur ɗin tanki ya zama danƙo, ɓeraye sun ci wayoyi. A sauya duk bututun roba na burki da na mai, kada a tsaya dubawa. Tayoyi ko zanensu bai goge ba sun mutu. A gefen taya akwai alƙaluma huɗu, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara, kuma hukumar kiyaye haɗurra tana ɗaukar shekara huɗu a matsayin wa'adin taya. A sa bel in babu, a tanadi abin kashe gobara, da alamar tsayawa mai kusurwa uku, da safaya da jak. Ranar dubawa ka ɗauki janwe. Tuƙa motar da ba lasisi ba inshora zuwa wurin neman lasisi, laifi ne tun daga ƙofar gida, kuma 'yan KAROTA ko KASTLEA ba su da dalilin yi maka uzuri.

Rajista aikin jiha ne. Harajin hanya yana cikin abin da doka ta bar wa jihohi, shi ya sa ofishin lasisi yake ƙarƙashin hukumar tattara kuɗin shiga, KIRS a Kano, KADIRS a Kaduna, a Abuja kuma hukumar kula da zirga-zirgar ababen hawa. Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ita ke riƙe da tsarin lamba na bai-ɗaya da kundinsa. An sauya fasalin lambobi a 1992, aka sake sauyawa a 2011 zuwa wanda ake gani yanzu, mai farawa da haruffa uku na ƙaramar hukuma. Duk motar da ta kwanta kafin wannan, sabuwar lamba za a ba ta. Ka lura da launi: shuɗin rubutu na motar gida ne, ja na haya, kore na gwamnati. In motar ta taɓa yin tasi, a sauya rukuninta a takarda, in ba haka ba za ka riƙa biyan kuɗin motar haya.

Ka je da asalin takardunka da kwafi biyu na kowace, da hotunan fasfo, da lambarka ta ɗan ƙasa, da lambar biyan haraji, da shaidar adireshi. Ana iya neman shaidar cewa kana biyan harajin kuɗin shiga, domin rajistar mota da sauya mallaka sun daɗe cikin jerin abubuwan da doka ta ɗaura wa wannan shaida. Abin da za ka biya ya ƙunshi kuɗin rajista, da na allon lamba, da na sauya mallaka, da lasisin shekara wanda yake bin girman inji, da kuɗin duba lafiyar mota, da shaidar mallaka. Ita wannan ta ƙarshe, a 2023 aka sanar da kuɗin sabunta ta na Naira 1,000 duk shekara. Sauran farashin kowace jiha da nata, kuma yana sauyawa, don haka ka nemi a buga maka takardar biya mai nuna kowane abu da kuɗinsa, ka biya a banki ko ta intanet, ka karɓi rasit mai sunan gwamnatin jiha. Kaduna ma ta haramta karɓar kuɗin haraji a hannu tun 2016.

Maganar shekarun baya ita ce ke tsorata mutane. Lasisi ya mutu tun 1998, shin za a lissafa maka dukan shekarun? Jihohi ba su tafi a kan abu ɗaya ba, kuma sau da yawa abin ya danganta da ko an ɗauki aikin a matsayin sabuntawa ko sabuwar rajista. Kada ka yarda da lissafin baka a bakin taga. Ka rubuta wa shugaban ofishin lasisi wasiƙa, ka bayyana cewa motar ba ta hau titi ba tun shekara kaza, ka haɗa da takardar rantsuwa, da hotunanta a inda take jibge, da shaidar mai unguwa in ta samu. Wannan ne dalilin da ya sa ya kamata a ɗauki motar hoto tun kafin a wanke ta: sataccen taya da ciyawar da ta tsiro a gindinta shaida ce. Abin da aka yanke a rubuta maka. In an ce ka biya, ka biya ka karɓi rasit, ka huta har abada.

A wasu ƙasashe an ware wa irin waɗannan motoci matsayi. A Ingila motar da ta kai shekara 40 ana yafe mata harajin hanya, a Faransa ta shekara 30 tana iya samun takardar motar tarihi, a jihohi da dama na Amurka kuma wanda ya rasa shaidar mallaka yana ajiye jingina ta 'yan shekaru a ba shi sabuwa, in mai hakki ya bayyana a biya shi daga ciki. A ofishin lasisinmu 504 ta 1978 mota ce kamar kowace. Ina ganin ƙasar da ta haɗa waɗannan motoci da hannun 'ya'yanta ta cancanci tsari irin wannan, ko don a rage yawan waɗanda 'yan gwangwan ke yankawa a sayar a kan kilo saboda magada sun ji tsoron wahalar takardu.

Inshorar da doka ta wajabta ita ce mai biyan wanda ka yi wa ɓarna. Daga Janairun 2023 hukumar NAICOM ta mai da kuɗinta Naira 15,000 ga motar gida, tana ɗaukar ɓarnar dukiya har Naira miliyan 3, kuma 'yan sanda sun tsananta bincikenta daga Fabrairun 2025. Duk wanda ya miƙo maka ita a ƙasa da wannan farashi, takardar banza ya ba ka. Ka saya kai tsaye daga kamfani mai lasisi, akwai na takaful ga wanda ya fi natsuwa da shi, sannan ka duba lambar motarka a kundin inshora na ƙasa, NIID, ka ga ta fito. Wannan inshora ba ta biyan motarka in ta ƙone ko an sace. In ka zuba kuɗi sosai, ka nemi cikakkiya, kuma ku amince da kamfanin a rubuce a kan darajar motar tun farko, don in an bi shekarunta kawai za a ƙiyasta ta da kuɗin tsohon ƙarfe.

A bakin kowane ofishin lasisi akwai ejan-ejan. Wasunsu mutanen kirki ne da suka san kan aiki, suna rage maka zirga-zirga, ka ba su ladansu. Amma akwai tayin da za a yi maka musamman saboda motarka tsohuwa ce: a ɗauko takardu da lambar wata 504 da aka riga aka yanka a liƙa wa taka, har a buga mata waccan lambar shasi. Zai zo da araha da sauri. Kada ka karɓa. Ka mai da halastacciyar motar mahaifinka ta bogi da hannunka, ka shafe asalinta wanda shi ne rabin darajarta, kuma laifin jabu a wuyanka yake, ejan ba zai bayyana a kotu ba. Ko ta hannun wa ka bi, in an ba ka allon lamba ka shiga shafin hukumar kiyaye haɗurra na tantance lamba ka buga ta. Ya kamata ta nuna irin motarka. In ta ce babu, ko ta nuna wata mota, ka koma ofis a ranar.

Kafin ka bar wurin ka tsaya ka karanta kowace takarda harafi-harafi, ka gwada da hoton lambar shasi da ke wayarka: sunanka, lambar inji, launi, shekarar ƙira. Gyara a ranar abu ne mai sauƙi, bayan wata shida kuwa sai an sake rantsuwa. Asalin takardun kotu da yarjejeniyar magada da tsofaffin rasit su zauna a gida cikin fayil guda, tare da tsohon allon lamba in ba a karɓe ba, ka ɗauke su hoto ka aika wa wani ɗan'uwa ya ajiye. A mota ka riƙe lasisi, da inshora, da shaidar lafiyar mota, da kwafin shaidar mallaka. Lasisi da inshora shekara guda suke yi, ka sa ranar a wayarka, ka sabunta ko da motar sai ranar Juma'a da ranar Sallah take fita.